Yadda na kai ga rubuta yarjejeniya ta farko a sana'ata ta shara da goge-goge

A shekarar 2021 na fara wannan sana'a a Kano, ni da 'yan mata biyu daga unguwarmu. Jarinmu bokiti huɗu ne, da mofa, da tsintsiya, da buroshin goge tayil, da tsummoki. Aikinmu na farko shi ne wanke sababbin gidaje bayan magina da masu fenti sun tashi: mu kankare siminti daga ƙasa, mu goge ɗigon fenti daga gilasai, mu wanke banɗakuna kafin a kawo kayan amarya. Irin wannan aiki ciniki ne na rana ɗaya ko biyu. A yi magana da baki, a gama, a biya, kowa ya kama gabansa. Shi ya sa ban taɓa jin bukatar takarda ba, kuma da wani ya ce min in rubuta, da na ga kamar ina zargin mai gida ne.

A tsakiyar 2022 wani abokin mijina ya haɗa ni da wani ofis mai hawa biyu da ke neman masu shara na kullum. Na je na gaishe da manajan, ya zagaya da ni, muka daidaita a kan naira 120,000 a wata, ma'aikata biyu, daga Litinin zuwa Juma'a. Ya ce, "Hajiya, ai mu da ke babu haka, ki fara kawai." Na ji daɗin maganar, na fara. Wata uku na farko an biya ni a kan lokaci. Daga nan aikin ya fara faɗi ba tare da an yi zama ba. Yau a ce yara su wanke kofunan shayi, gobe a ce su wanke motar oga, jibi a ce su yashe kwatar bakin get tunda damina ta kusa. Ranar Asabar ma aka fara kiransu idan za a yi taro. Kowane ƙari idan aka ɗauke shi shi kaɗai ƙarami ne, kunya ta hana ni magana. Can wajen Nuwamba aka canja wa manajan wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce bai ga wata takarda a fayil da ta nuna nawa ake biyana ba, sai ya bincika. Binciken ya cinye wata biyu, ina biyan yaran daga aljihuna. Da na matsa, sai aka ce ai teburin gilashi ya tsage a ɗakin taro, kuma masu shara ake zargi. Babu wanda ya faɗa min ranar da abin ya faru, babu wanda ya nuna min teburin kafin a fitar da shi. Na janye yarana da bashin naira 240,000 a waje.

Daren da na kai wa yayana kuka, bai ba ni haƙurin da na je nema ba. Ya tambaye ni ko na san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani. Na ce ayar bashi ce, ta 282 a Baƙara. Ya ce, "To ke da kika san Ubangiji ya ce a rubuta, a kafa shaidu, wace kunya ce ta fi wannan umarni ƙarfi?" Ban iya amsa masa ba. Shi ne ya ba ni lambar wata lauya da suka yi makaranta tare, ya ce kada in sake ɗora tsintsiya a ofishin kowa sai ta ga abin da aka rubuta.

A Janairun 2023 na ji labarin wani kamfanin rarraba kaya a Bompai yana neman masu shara. Na je da ƙwarin gwiwa, sai jami'ar kula da ma'aikata ta miƙo min 'yar takarda da abubuwa huɗu: satifiket ɗin rajistar kasuwanci, lambar haraji, asusun banki da sunan kasuwancin, da takardar farashi a rubuce. Ko ɗaya ba ni da shi. Ta ce ba sa tura kuɗi zuwa asusun mutum na kansa, dokar kamfaninsu ce, amma za ta jira ni zuwa ƙarshen Fabrairu domin kwangilar waɗanda ke yi musu sai a Maris za ta ƙare.

Na fara da rajista a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da sunayen kasuwanci rajista. Ana yin komai ta intanet, amma ni ban saba ba, sai na je wani shagon kwamfuta da ke yi wa mutane. Matakin farko shi ne neman suna. Ana ba da sunaye biyu, a duba ko wani ya riga ka. A lokacin naira 500 ne kuɗin riƙe suna, rajistar kanta kuma naira 10,000, ban da ladan mai shago. Sunayena biyu na farko duka aka dawo da su saboda sun yi kama da na wasu, domin kusan duk mai wannan sana'a kalmomi iri ɗaya yake zaɓa. Sai da na haɗa da sunan kakata sannan ya wuce. Idan an amince da suna ana riƙe maka shi kwana 60, a cikinsu za ka kammala. An nemi lambar NIN, da hoton fasfo, da sa hannuna a farar takarda da aka ɗauka a hoto, da adireshin wurin kasuwanci, da bayanin irin aikin da zan yi. A nan na yi kuskuren da ya ci min kwanaki: yadda aka rubuta sunana a fom ya bambanta da na katin NIN da harafi ɗaya, aka dawo da shi a gyara. Duk wadda za ta yi, ta zauna kusa da mai bugawa, ta riƙe katinta a hannu, ta karanta kowane harafi kafin ya tura. Bayan kamar mako biyu satifiket ya fito, aka sauke shi daga intanet aka buga min. Abin da mai shagon bai gaya min ba, sai daga baya na ji daga bakin Barista, wato lauyar da yayana ya ba ni lambarta, shi ne rajistar sunan kasuwanci ba ta raba ni da kasuwancin ba. Idan bashi ya hau shi, ni ya hau, har kayan ɗakina. Kamfani mai iyakar alhaki ne ke raba dukiyar mutum da ta kasuwanci, shi kuma ya fi tsada, ya fi ɗawainiya. Akwai kuma rahoton shekara-shekara da ake shigarwa a CAC, wanda idan an bar shi tara take taruwa.

Lambar haraji, wadda ake kira TIN, ba ta ba ni wahala ba. Na je ofishin tattara kuɗin shiga na jiha da kwafin satifiket da katin shaida, na cika fom, na dawo bayan kwana biyu na karɓa. Ba a biyan kuɗi don samun lambar. Asusun banki ne ya gwada haƙurina, domin ya faɗo daidai lokacin ƙarancin takardun kuɗi na Fabrairun 2023, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Kafin ka isa teburin buɗe asusu sai ka ratsa cincirindon masu neman 'yan dubbai a bakin ƙofa. Na je sau uku. An nemi satifiket, da TIN, da BVN, da hotuna, da takardar wutar lantarki ta gidan da nake, da mutum biyu masu asusun kasuwanci da za su tsaya min. Waɗannan mutum biyun su suka fi wuyar samu, domin mai asusun ajiya na yau da kullum ba ya iya tsayawa. Yayana ya cika ɗaya, wani ɗan kasuwar Singa da nake sayen sabulu a wurinsa ya cika ɗayan. Da na san haka, da su zan fara nema tun ranar da na tura suna CAC.

Kafin in rubuta farashi na nemi a bar ni in zagaya ginin da littafi a hannu. Na ƙirga ofisoshi goma sha ɗaya, banɗaki shida, ɗakin taro, wurin sallah, matakala, da farfajiyar da motoci ke lodi. Na rubuta inda tayil yake, inda kafet yake, da wurin karɓar baƙi da aka shimfiɗa wa mabul. Na tambayi inda ake samun ruwa, da inda ake zuba shara, da wanda ke kwashe ta. Na ɗauki hoton duk abin da na tarar a fashe ko a tsage: gilashin taga ɗaya, murfin masai biyu, da famfon da ke ɗiga. A gida na zauna na yi lissafin da ban taɓa yi ba a baya. Ma'aikata huɗu a naira 35,000 kowacce, kayan wanki na wata, kuɗin adaidaita sahu, ɗan abin da zan ware don mofa da bokiti da ke lalacewa, kuɗin wadda za ta maye gurbi idan wata ba ta da lafiya, sannan ribata. A wancan ofishin na farko ban taɓa sa kuɗin mota da na canjin kayan aiki a lissafi ba, ashe ko da ana biyana a kan lokaci ribar ba ta kai yadda nake zato ba. Na rubuta naira 300,000 a wata na kai.

Bayan mako guda suka kira ni, suka ba ni yarjejeniyarsu, shafi tara da Turanci, suka ce in sa hannu in dawo da ita gobe. Na ce ina neman kwana uku. Gabana yana faɗuwa lokacin da na faɗa, don ina tsoron a ce wata ta karɓa. Jami'ar ta ce babu damuwa, kuma daga baya ta gaya min cewa hakan ya ƙara mata natsuwa da ni.

Na sami Barista a ofishinta da hantsi, na jira kamar awa ɗaya don tana kotu. Ta karɓi naira 30,000, kuɗin da a ranar na ga yawansa. Ta karanta shiru da jan biro, sannan ta juyo da takardar gabana ta fara fassara min sashe-sashe da Hausa. Wuri huɗu ta ja wa layi mai kauri. Na farko, bayan an lissafa ayyuka, an ƙara jimla ɗaya mai cewa da duk wani aikin da kamfani zai ba ni. Ta ce, "Hajiya, wannan layin shi ne wankin motar da kofunan shayin da kika ba ni labari, yanzu kuma da sa hannunki." Na biyu, za a biya ni cikin kwana 60 bayan na kai takardar neman biya, ma'ana zan biya albashin wata biyu ko uku kafin sisinsu ya shigo. Na uku, duk abin da ya ɓata ko ya lalace a ginin ni ce da alhaki, ba a ce sai an tabbatar yarana ne ba, ba a kuma sa iyaka ba. Na huɗu, su za su iya sallamata da notis na kwana bakwai, ni kuwa sai na ba da wata uku. Ta ce ba mugunta ba ce, haka lauyan kowane kamfani yake rubutawa don kare wanda ya ɗauke shi, kuma suna sa ran a yi ciniki a kai. Wanda bai nemi gyara ba shi ya bar wa kansa.

Mun shafe kusan awa biyu muna rubuta abin da zan nema. Ta sa aka ciro ayyukan zuwa wani shafi na daban da aka maƙala a baya, aka kasa su uku: na kullum, kamar shara da goge ƙasa da wanke banɗaki da kwashe kwandunan shara, na mako, kamar goge gilasai daga ciki da yanar gizo da fankoki, da na wata uku-uku, kamar wankin kafet. Aka rubuta ƙarara abin da ba ya ciki: wankin mota, aike, yashe kwata, feshin maganin ƙwari, da hawa tsani don goge gilasan waje na bene. Duk aikin da ba ya cikin shafin, sai an nema a rubuce an yi masa farashinsa. Ni na kawo maganar lokaci, don na san inda take yi min ciwo. Aka rubuta ƙarfe 6:30 na safe zuwa 2:00 na rana, ranar Juma'a a tashi 12:00, a watan azumi a rage awa ɗaya, ranakun hutun da gwamnati ta ayyana babu aiki, idan kuma ana so a zo to da kuɗinsa. Na kuma ce a rubuta cewa ruwa da wuta da ɗan sito mai makulli na ajiye kayanmu a kan kamfani suke, domin na taɓa sayen ruwa a wurin 'yan garuwa da kuɗina don a wanke banɗakin wani. Barista ta ƙara abu biyu da ban yi tunaninsu ba. Ɗaya, idan farashin man fetur ko kayan wanki ya tashi sosai, kowane ɓangare zai iya neman a zauna a sake duba kuɗin, da sanarwar kwana 30. Biyu, kamfani ba zai ɗauke min ma'aikaciya ya mayar da ita tasa ba har sai wata shida bayan mun rabu.

Ranar zaman na je ni kaɗai, da takardar Barista a jaka. Akwai jami'ar, da manajan gudanarwa, da akanta. Na gaishe su, na ce, "Ranka ya daɗe, na karanta, akwai wurare kaɗan da nake roƙon a duba." Muryata na rawa a farko. Maganar ayyuka ta wuce ba gardama, manajan ma ya ce ya fi masa sauƙi ya san abin da zai tambaya. A kan biya muka daɗe. Na nemi kwana bakwai, akanta ya ce tsarinsu ba ya fitar da kuɗi ƙasa da mako biyu, muka tsaya a kwana 14 bayan na kai takarda. A kan ɓarna aka rubuta cewa sai an sanar da ni a rubuce cikin awa 24, a nuna min abin da idona, kuma abin da zan biya ba zai wuce kuɗin wata ɗaya ba sai idan sata ce aka tabbatar. Hotunan da na ɗauka aka buga aka haɗa da yarjejeniyar. Notis ya koma kwana 30 ga kowa. Maganar ɗauke ma'aikata suka rage ta zuwa wata uku, na yarda. Su ma suka kawo nasu: kowace ma'aikaciya ta kawo mai tsaya mata da hoto da lambar waya, su sa riga iri ɗaya, kada a shiga ofishin kuɗi sai da ma'aikacinsu a ciki, kuma idan wata ba ta zo ba in turo madadinta kafin ƙarfe 9:00 ko a cire kuɗin ranar. Farashi ya sauka zuwa naira 270,000. Na fito ina jin an rage min, amma na san iyakar abin da na sayar.

A wannan zaman ne akanta ya ambaci harajin da ake cirewa tun daga tushe, kashi 5 cikin ɗari, na gyaɗa kai ba tare da na fahimta sosai ba. Ya kuma tambaya ko zan ɗora VAT, harajin da ake ƙarawa a kan farashin kaya ko aiki, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Barista ta riga ta gaya min cewa a lokacin wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba ba a ɗora masa karɓar VAT, don haka na ce a'a. An yi wa ƙa'idojin haraji kwaskwarima daga 2025 zuwa yau, saboda haka wadda za ta shiga yanzu ta zauna da akanta ya faɗa mata adadin da ke aiki kafin ta rubuta farashi.

Aka gyara takardar, aka turo min, na sake kai wa Barista ta duba ko duk abin da aka yarda ya shiga. Abu ɗaya ya faɗi, wato iyakar kuɗin ɓarna, suka ce mantuwa ce suka mayar. A ƙarshen Maris muka sa hannu a kwafi biyu, kowane ɓangare da shaidarsa, yayana ne nawa. Barista ta ce in sa gajeren hannu a ƙasan kowane shafi har da na jerin ayyuka, don kada a canja wani daga baya. Ita ta kai aka biya harajin hatimi a kan takardar, ta dawo min da rasit, ta ce takardar da ba a yi wa wannan ba tana iya jawo tsaiko da tara ranar da aka bukace ta a kotu. Muka fara aiki ranar Litinin ta farkon Afrilu.

Ƙarshen wata na kai takardar neman biya mai ɗauke da sunan kasuwanci, lambar asusu, TIN, da watan da ake nema, na sa aka buga min tambarin karɓa a kwafina da kwanan wata, domin daga ranar ake fara ƙirga kwana 14. A rana ta goma sha biyu alat ya shigo: naira 256,500. Na kira akanta raina a ɓace, ya tuna min da kashi 5 ɗin, naira 13,500. Ya ce kuɗin ba nasu ba ne, suna tura shi hukumar haraji da sunana, kuma ina da haƙƙin karɓar takardar shaida da zan nuna a rage min idan na zo biyan harajin shekara. Tun daga nan nake bin takardun nan ina tarawa a fayil. Da na fahimci wannan tun farko, da na sa shi cikin lissafin farashi, don kuɗin da ke shigowa hannu shi ke biyan albashi.

Ba a yi wata biyu ba aka zo ranar 29 ga Mayun 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin adaidaita ya ninka, sabulu da sinadarin wanke banɗaki suka bi. Ɗaya daga cikin yarana da ke zuwa daga Rijiyar Lemo ta ce min rabin albashinta a hanya yake ƙarewa. Na ɗauko yarjejeniya na rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya, na ambaci sashen sake duba farashi, na haɗa da rasit ɗin kayan da na saya a Maris da na Yuni gefe da gefe. Na nemi naira 340,000. Aka kira zama, aka tsaya a 315,000 daga Agusta. Wata abokiyar sana'a da ke aiki da baki a wani wuri ta nemi ƙari a lokacin, aka ce mata ta yi haƙuri kowa yana ji a jikinsa, ta ci gaba da tafka asara har ta ajiye aikin.

Takardar ta kama ni ni ma, kuma ya kamata in faɗa. A Oktoba wata sabuwar yarinya da na ɗauka ta zuba sinadarin wanke masai mai asid a kan mabul ɗin wurin karɓar baƙi don ta cire wani tabo. Asid yana cin mabul, wurin ya dushe ya yi fari kamar faɗin faranti. Kafin azahar an turo min saƙo da hoto. Na je na gani, laifinmu ne, kuma nawa ne tun da ban koya mata ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na kawo mai gogen mabul da inji, na biya naira 45,000. Amma abin ya tsaya a nan, ba a riƙe min kuɗin wata ba, ba a haɗa min da tsohon gilashin da ke cikin hotuna ba. Bayan wannan na rubuta wa kowace jarka abin da ake wankewa da ita da Hausa, kuma ba na tura sabuwa ita kaɗai sai ta yi mako tare da tsohuwa.

Barista ce ta ja hankalina cewa ina neman takarda daga manya alhali na bar na ƙasa da ni a kan baki. Dokar ƙwadago ta ce a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Muka rubuta shafi ɗaya da Hausa: albashi, ranar biya, lokacin aiki, abin da za a yi idan rashin lafiya ta zo, da notis. Na karanta wa kowacce a gaban mai tsaya mata, wadda ba ta iya rubutu ba ta dangwala. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma ma'aikaciya a kasuwa ɗaya take cefane da kowa, don haka duk lokacin sabunta kwangila da albashinsu nake fara lissafi.

Game da tsohon bashina, Barista ta gaya min cewa Kano tana da kotun ƙananan basussuka tun 2019, wadda a lokacin take sauraron abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Amma hujjata ita ce alat na watannin da aka biya da 'yan saƙonnin WhatsApp. Ta rubuta musu wasiƙar neman biya, aka kira sulhu, na karɓi kuɗin wata ɗaya na yafe ɗaya don in huta.

Ga abin da nake gaya wa matan da ke tambayata. Ku yi rajista da lambar haraji da asusu tun kafin babban aiki ya zo, domin ni saura kaɗan wa'adin ya wuce ni. Kada ku faɗi farashi a tsaye a bakin ƙofa; ku zagaya, ku ƙirga banɗaki, ku ɗauki hoto, ku je gida ku yi lissafi. Shafin da ya fi kowane amfani a wurina shi ne na jerin ayyuka, musamman layukan abin da ba ya ciki, don rigimar wannan sana'a yawanci daga ɗan ƙarin da ake jin kunyar ƙi take farawa. Ku ƙulla da sunan kamfani ko makaranta ko asibiti, wanda ke da ikon sa hannu ya sa, saboda manaja yana tafiya. Ku ajiye littafin da wakilinsu zai sa hannu kowace Juma'a cewa an yi aiki, shi ne amsarku ranar da aka ce ba a gamsu ba. Kuɗin lauya na zama ɗaya bai wuce kwatan abin da na rasa a ofishin farko ba, kuma takardar da ta gyara min ita nake ɗan canjawa ina amfani da ita har yau.

Aikin gidaje ma yanzu ba na yin sa da baki. Ina da rabin shafi da Hausa da nake turawa ta WhatsApp: adireshi, yawan ɗakuna da banɗaki, abin da za a yi da wanda ba za a yi ba, kuɗi, kashi 60 kafin mu zo, sauran kafin mu bar gidan, ruwa a kan mai gida, kuma a kulle kuɗi da gwala-gwalai kafin mu shiga. Sai an amsa da "na amince" nake ɗaukar mota. Wasu sukan ce, "Haba Hajiya, har da ni?" Nakan ce har da yayata uwa ɗaya uba ɗaya, don ita ma da za ta aurar da 'yarta bara sai da ta amsa saƙon kafin muka je wanke gidan.